Waƙar ce ta yi kaɗan ko surutun ne ya yi yawa? Kan rigimar shirin safe

Akwai wani mai shayi a wajen Wunti, nan cikin garin Bauchi, da nake yada zango wurinsa kusan kullum kafin in wuce wurin aiki, to wallahi an fi wata biyu yanzu ba a watse daga teburin nan ba sai an taɓa musu akan shirin safe na wani gidan rediyo na garin nan. Ba zan kama sunan gidan ba don ba tonon silili na zo yi ba, kuma dama abin da zan faɗa ya shafi kusan dukkansu. Shirin na tsofaffin waƙoƙi ne, su kalangu da kotso da taushi da kuntigi, yana zuwa ne daidai lokacin da mutane suka gama jin labaran BBC na shida da rabi suka murɗo tashar gida. A da, inji masu ƙorafin, mai gabatarwa sallama kawai zai yi ya faɗi sunan makaɗi ya saki faifai har ya kai ƙarshe. Yanzu kuwa an kawo wani matashi mai zaƙin baki, an buɗe layin waya, ana karanta tes da saƙon WhatsApp, waƙa bata yi minti uku ba sai kaji an rage sauti wai muna da mai kira a layi, shi kuma mai kiran ya gaida matarsa da amininsa da 'yan majalisarsu ɗaya bayan ɗaya har da mai cajin waya na bakin layinsu.

Wanda ya fi kowa zafi a teburin wani dattijo ne tsohon hedimasta, Baba muke ce masa. Shi a wurinsa wannan cin mutunci ne kawai, yace kamar ka zuba wa baƙo tuwo ne yana kai loma ta biyu ka janye kwanon. Akwai wani mai Keke Napep da ke mayar masa da martani cikin ladabi, yace Baba ai ni daga Wunti zuwa Yelwa fasinja nawa nake saukewa, ina zan samu nutsuwar bin waƙa ɗaya ta minti ashirin, ni dai a gaya min ƙarfe nawa, a gaya min ko an tare hanya, inji muryar mutane, waƙar ta zama mahaɗi. Sai wani ustazu da baya ma cikin wannan layin gaba ɗaya, shi cewa yake da sassafe bayan asuba ba lokacin kiɗa bane, a sa karatu da azkar, mai son kalangu ya jira hantsi. Sannan wani abokin aikina Bajari da ke jefo tasa tambayar da babu mai son amsawa, wai in ance gargajiya me yasa kullum makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara da Katsina ne, ina na Jarawa da Sayawa da Gerawa da Fulanin jihar nan, ko su ba su da da ne? Kaga mutum huɗu, rediyo ɗaya, kuma kowa gani yake shi ne "masu sauraro".

Abin da yasa na ga ya dace in yi rubutu akai shi ne irin wannan rigimar sak Turawan Ingila sun shekara da shekaru suna yinta, akan nasu tsohon kiɗan da suke kira kilasikal, wannan na taron makaɗa da goge-gogen Turawa da fiyano da bushe-bushe. BBC na da tasha guda ta wannan kiɗan, an buɗe ta 1946 da sunan Third Programme, a 1967 ta koma Radio 3. Ba ta talla, da kuɗin lasisin talbijin da 'yan ƙasar ke biya take rayuwa. Ta daɗe tana cin karenta babu babbaka har 1992 da aka buɗe Classic FM, tashar 'yan kasuwa, wadda ta zo da salon ɗauko wurin da ya fi daɗi a cikin dogon kiɗa ta sa maka shi kaɗai, ga mai gabatarwa yana hira da kai kamar maƙwabci, ga zaɓen masu sauraro da suke yi duk shekara na kiɗa 300 da aka fi so. Nan da nan ta kere wa Radio 3, masu jinta suka ninka na Radio 3 har da ɗoriya, ita Radio 3 tana nan wajen mutum miliyan 2 a mako. To sai shirin safe na Radio 3 ya fara sassautowa shi ma, gajerun kiɗa, karanta saƙonni, har a 2011 aka shigo da wani fili da mai sauraro zai bugo waya ya faɗi kiɗan da yake so da dalilinsa. Tsofaffin masoya tashar suka ce ina, ba za ta saɓu ba, an mai da mu Classic FM. Dama tun 2003 suna da ƙungiya mai suna Friends of Radio 3 da aikinta kenan sa ido da rubuta takardun koke. Da Alan Davey ya karɓi shugabancin tashar a 2015 ya cire filin bugo wayar, amma ƙorafin surutu bai mutu ba, har Petroc Trelawny ya gama shekarunsa yana gabatar da shirin daga 2011 zuwa 2025 wasu na yabonsa kamar su haɗiye shi wasu na cewa a rage magana a sa kiɗa.

Ka cire sunayen ka sa namu, Baba hedimasta ne da mai Keke.

Kuma abin mamaki a shekarar 1992 ɗin nan dai aka yi dokar soja mai lamba 38 a Najeriya wadda ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talbijin ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo. Raypower ta fara a Legas 1994, Freedom ta buɗe a Kano 2003, daga nan abin ya bazu har ya iso mu, yau a Bauchi ga BRC ta jiha, ga Globe FM ta tarayya, ga Albarka, ga wasu. Lokacin da rediyon Kaduna da aka kafa 1962 take kusan ita kaɗai a kunnen ɗan Arewa, in ta sa maka waƙar rabin awa ina zaka? Dole ka zauna. Yanzu ɗan yatsa ɗaya ya isa ka bar tasha. Wannan tsoron ɗan yatsan shi ne uban duk abin da Baba yake kuka da shi.

A Ingila akwai hukumar da ake kira RAJAR mai ƙidayar masu sauraro, kuma a lissafinsu in ka saurari tasha minti 5 a jere cikin mako to an ƙirga ka. Ka duba abin da wannan ke haifarwa, wanda ya leƙo na minti biyar yana shan shayi da wanda ya kwana ya wuni da tashar duk kai ɗaya ne a wannan lissafin na yawan mutane, to manaja wa zai fi farauta? Mu a nan ma'aunin ya fi wannan muni, don ma'aunin da manaja ke nuna wa mai talla shi ne layin waya. In layi na ta ƙara to shiri ya karɓu. Mai maganin gargajiya ko mai makarantar kuɗi ko ɗan siyasar da zai sayi fili abin da yake son ji kenan, kuma da kuɗinsa ake sayen dizal ɗin da ke riƙe da tiransimita in an ɗauke wuta. Matsalar ita ce masu kira ba su ne masu sauraro ba. Duk mai bin rediyo a garin nan ya san muryoyin nan, mutum goma sha wani abu ne ke zagaye tashoshi, ka ji shi a filin siyasa da daddare ka ji shi a filin waƙa da safe, har an san inkiyarsa. Gwaggona da ke suyar masa tun kafin gari ya waye rediyonta na rataye jikin ƙusa kullum, ta fi shekara talatin tana jin irin wannan shirin, bata taɓa bugawa ba ko sau ɗaya, hannunta na cikin ƙullu, katin ma na kiran 'ya'yanta ne. Ita babu ita a lissafin kowa. Amma fa a faɗi gaskiya, su Baba ma ba su ne masu sauraro ba, su ma 'yan tsiraru ne masu ƙarfin murya, bambancin kawai su a teburin shayi suke nasu kiran.

Sai dai inda nake tare da Baba ɗari bisa ɗari shi ne maganar datse waƙa, kuma nan ne nake ganin matasan gidan rediyon basu fahimci kayan da ke hannunsu ba. Waƙar zamani ta sutudiyo an gina ta ne akan minti huɗu ko biyar, amshi ya dawo sau uku shikenan, ko ina ka yanka baka yi asarar komai ba. Waƙar makaɗan fada ba haka take ba. Akwai gindin waƙa da 'yan amshi ke komawa kai, akwai ɗiyan waƙa da jagora ke jerowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗiyan nan hawa suke kamar matakala. Da farko yabo ne da jero asali, wane ɗan wane jikan wane, sai zuga, sai can tsakiya in jiki ya yi ɗumi makaɗin ya juya kan abokan hamayyar ubangidansa, 'yan uwan sarki da suka nemi sarautar basu samu ba, ya shiga zambo da habaici, baya kama suna amma ya siffanta mutum har kowa a fada ya sunkuyar da kai yana dariya. Nan ne naman yake. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun ƙarar da shekaru suna feɗe wannan tsarin. To in ka sa minti uku na farko ka yanke, abin da ka ba mutane shi ne sallama da gaisuwa, ka rufe ƙofa daidai lokacin da za a shigo da abinci. Shi yasa yaro ɗan shekara ashirin zai ce maka waƙar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo maimaici ce kawai, ai gaskiyarsa, iya abin da aka taɓa bari ya ji kenan. Haka Turawan ma suke kuka, babban kiɗansu da ake kira simfoni yawanci kashi huɗu ne kuma an tsara su ne su bi juna, na tara na Beethoven, wani shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe, da aka fara kaɗawa 1824 ya haura awa guda, sai a ciro kashi ɗaya a sa tsakanin labaran yanayi da saƙon wata mata da ke gaida karenta.

Amma kuma akwai abin da na taɓa faɗa wa Baba da bai ji daɗinsa ba. Nace Baba, da girmanka, wannan cikakkiyar waƙar da kuke cewa kun ji a da, anya cikakkiya ce? Faifan garmaho na farko minti uku zuwa huɗu yake ɗauka a fuska ɗaya, dole makaɗi ya matse waƙarsa ta shiga ko a raba ta gida biyu a juya faifai. Kaset da ya zo daga baya mai lamba 60 rabin awa ne kowane gefe, mai 90 minti 45, kuma sau nawa waƙa na tsaka da daɗi kaset ya ƙare. Asalin waƙar a fada take ko a filin biki, da sanƙira yana kirari, ana liƙi, makaɗi ya ga wani babban mutum ya shigo ya ƙara masa ɗa nan take, Shata ma ai an san shi da ƙirƙira a tsaye, waƙa ɗaya ba lallai ta fito iri ɗaya sau biyu ba. Ma'ana tun ranar da aka sa wa makaɗi makirfo ake yanka, kowane zamani da girman wuƙarsa. Gaisuwar ma ba yau aka fara ba, su Baban ne fa suka yi zamanin Zaɓi Sonka, suna sayen kati suna jero sunayen abokai har mai gabatarwa ya gaji, har ƙungiyoyin zaɓe aka yi gari gari. Yace ai wannan daban. Nace to Allah ya ba da haƙuri.

Ni inda na tsaya, kuma na san wasu ba za su yarda ba, ba yawan maganar ne ciwon ba, irin maganar ce. Dalili kuwa, abin da rediyo take taƙama da shi a da, wato ita kaɗai ke da faifan, ya riga ya tafi. Yau ka je wurin masu tura waƙa a Muda Lawal ko Wunti da 'yan canjinka a cika maka memori da Shata tun daga farko har ƙarshe, ga YouTube ga Facebook. Wanda yake son waƙar minti talatin babu katsewa yana da ita a aljihu. Abin da babu a memori shi ne mutumin da zai ce maka wannan waƙar an yi ta ne wa Sarkin Gobir na Isa Amadu, ubangidan Narambaɗa, ga abin da ke faruwa a lokacin, ga ma'anar wannan kalmar. Kada a manta Hausar mutanen nan Gobirci ce da Zamfarci da Sakkwatanci, mu kuma nan Bausanci muke yi, akwai ɗiyan waƙar da ni kaina sai da wani Bazamfare da muka yi makaranta tare ya warware min su na gane ashe shekara da shekaru ina rera abin da ban sani ba. Shata ya rasu 1999, Ɗanƙwairo tun 1991, Barmani Choge 2013, Ɗanmaraya Jos 2015, yaransu da 'yan amshinsu da suka san labarin kowace waƙa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. In mai gabatarwa zai ci minti biyu yana wannan bayanin kafin ya saki faifai wallahi ko Baba ba zai kira shi surutu ba. Amma wannan na buƙatar mai gabatarwa ya yi karatu, ya je ya zauna da tsofaffi, ya saurari waƙar tun daren jiya ya san inda zambon yake don in ma yankewar ce dole ya yanko daga nan, ba kullum daga farko ba. Buɗe layin waya kuwa baya buƙatar komai, kuma yaron da ake biya abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma sai ya nemo talla da kansa kafin ya samu na mai, da wane ƙarfin zai yi wancan?

Maganar ustazu bana jin tana da wuyar warwarewa, kusan duk tashoshin nan da karatu suke buɗewa dama, rigimar akan ƙarfe nawa ne kiɗa zai shigo, wannan kuma jadawali ne. Ta abokina Bajari ce mai nauyi. Dalilin da yasa makaɗan yamma suka cika shirin ba wai wani ya zauna ya ƙulla bane, su aka fi ɗauka, Kaduna da Kano ne cibiyar ɗaukar sauti, su suka shiga faifai suka shiga kaset suka shiga memori. Na ƙasar Bauchi da yawa in an ɗauke su to a manyan faifan zare na gidan rediyon jiha ne, irin wanda zafi da ƙura da damina ke ci, kuma injin da zai juya shi ma sai an yi da gaske. Mai gabatarwa na yau daga kwamfuta yake zaɓo waƙa, abin da ba a juye cikin kwamfuta ba kamar babu shi ne a duniya. To ka ga shirin da ake kira na gargajiya a garin Yakubun Bauchi zai iya shekara bai sa kiɗan ƙauyen da ke kilomita ashirin daga sutudiyon ba. Kuma ko masu kiran ba za su nema ba, mutum baya zaɓen abin da bai taɓa ji ba, shi yasa in ka bar wa masu sauraro zaɓi kacokan sai ka ga waƙa goma sha biyar ɗin nan dai suna ta zagayowa, irin abin da ake zargin zaɓen shekara na Classic FM da shi kenan, sanannun ne kullum a sama.

Akwai wata mafita da ake yawan kawowa a teburin, wai a raba, safe a bar wa masu gaisuwa da gajerun waƙa, dogayen a kai su dare ko ranar Lahadi. Radio 3 kusan haka take yi, cikakken kiɗa na zuwa da rana da kuma daddare. A takarda ya yi kyau. Amma safiya ita ce kasuwar rediyo, lokacin ne ɗan makaranta da mai Keke da ma'aikaci duk suke kusa da ita, in ka kwashe mai kyaun ka kai ƙarfe goma sha ɗayan dare to ka ajiye shi ne wa waɗanda dama sun san shi, su Baba, su kuma lokacin sun yi barci. Ni da za a tambaye ni cewa zan yi ko waƙa ɗaya tak a bari ta kai ƙarshe kowace safiya, a sa mata lokaci sananne, a rufe layi, mai talla ya sayi wannan filin da sunansa in yana so, sauran awar a yi ta gaishe-gaishe.

Ranar Talatar da ta wuce yaron nan mai gabatar da shirin ya ɗan yi wani abu da ban san ko shawara aka ba shi ko dacewa ce ba, kafin ya sa wata tsohuwar waƙar kotso ya tsaya ya ce wannan habaicin da za ku ji da wani ɗan sarki ake, ya faɗi abin da ya haɗa su a taƙaice, kuma ya bar ta ta yi kusan minti tara. Mai Keke har ya tada inji ya kashe. Da aka gama Baba ya ajiye kofi yace yaron ya yi kuskure, ba da ɗan sarki ake ba da wani hakimi ake, wani dattijo daga can ƙarshen benci yace a'a Malam, yaron ne da gaskiya, suka kaure, mai shayi yana ta miƙa wa mutane biredi babu mai karɓa. Ni dai na makara aiki ranar, na baro Baba yana tambayar mai Keke wai lambar gidan rediyon nawa ne, kuma ko akwai kati a wayarsa.